Karfasar da Na Cusa wa Taubashina

Kifayen nan gadonsu na ci, alhali mai su yana nan da ransa da lafiyarsa.

A shekarun da aka raba mu da Sakkwato aka ba mu tamu jiha, gyaran rediyo nake yi a Ƙaura, kusa da tashar jirgin ƙasa. Zauren gidan da nake haya shi ne shagona. A bayan layinmu akwai wani otal na wani mutumin Kudu wanda aka haifa a gidajen ma'aikatan jirgi, Hausar bakinsa ta fi tawa gishiri. Ni nake gyara masa fanka da rediyo, da wani ɗan inji mai hura iska a cikin akwatin gilashi da ya girke a kusa da inda ake zaman sha. Ta ƙofar baya nake shiga, da rana tsaka, in duba gabas in duba yamma tukuna, don kada wani ya je ya gaya wa surukina an gan ni.

Da aka ƙaddamar da Shari'a, abin da otal ɗin ke rayuwa a kansa ya tsaya. Mutumin ya gwada sayar da lemo da shinkafa na 'yan watanni, kujeru suka yi ta kallon juna. Rannan ya aiko a kira ni. Na tarar an ɗaure kayansa, motar haya tana jira, akwatin gilashin kaɗai ya rage a tsakiyar ɗaki. Kifaye bakwai ne a ciki, huɗu ruwan ɗorawa, uku shuɗaye masu baƙaƙen zane a jiki, kowanne bai wuce tsawon yatsa ba.

Ya ce, "Injiniya, waɗannan ba za su kai gida da rai ba. Kai kaɗai ka san kan injinsu. Ɗauke su."

Na ce, "In yi me da su?"

"Ka kalle su. Aikinsu ke nan."

Ya miƙo mini wani ɗan gwangwani na abincinsu, ya ce asalin kifayen daga wani babban tafki ne can ƙasan Afirka, inda suke kiwon gansakuka a jikin duwatsu. Ya ɗaga yatsa ya ce in riƙe abu uku. Kada in ba su nama ko wani abu mai maiƙo. Kada in zuba fiye da abin da za su cinye kafin in ƙirga talatin. Kowace Juma'a in kwashe kashi ɗaya cikin uku na ruwan in zuba sabo wanda ya kwana. "Awaki ne," in ji shi, "ba kuraye ba." Muka yi sallama, idonsa yana kan gilashin har motar ta sha kwana.

A kurar 'yan ga-ruwa na ɗauko akwatin, ina tafe ina tallafe da shi kamar gawa. Wani dattijo a bakin hanya ya tambaye ni ko talabijin ce. Na ce masa ita ce, amma tasha ɗaya take kamawa. Matata ta leƙo zaure, ta dubi kifayen, ta dube ni.

"Ana cin su?"

"A'a."

"Ana sayarwa?"

"A'a."

"Amma suna ci, suna shan wuta. Malam, agola ka kawo mana ke nan."

Kwanakin nan kowa yana taka-tsantsan, ba wanda yake son a ce ya yi abin da bai halatta ba, don haka na je na tambayi limamin unguwarmu. Ya zo da kansa, ya zauna a benci ya fi rabin awa yana kallo, sannan ya ce in dai ban bar su da yunwa ko ƙazanta ba bai ga laifi ba. Daga ranar, duk bayan La'asar sai ya biyo ya duba ko na bar su da yunwa.

Gwangwanin bai yi wata biyu ba ya ƙare, kuma duk Gusau ban sami mai sayar da irinsa ba. Sai na shiga haɗa nawa. In daka busasshen zogale da alayyafo, in barbaɗa ɗan garin jatan lande da nake samu wurin matan Sabon Gari, in kwaɓa da ruwa, in shafa a bayan faranti siriri, in shanya a inuwa. In ya bushe sai in ɓanɓare. Kifayen suka karɓe shi. Launinsu ma ya ƙara fitowa, musamman wani namiji ruwan ɗorawa da ya mallaki babban dutsen da ke tsakiya, ba mai giftawa ta gabansa. Shi na fi so. In an ɗauke wuta, batirin mota nake jona wa injin, rediyon mutane su jira.

Ina da taubashi a Shinkafi, ɗan gwaggona. Turkar raguna ce sana'arsa, kuma ya iya ta, ragonsa in ya tsaya sai ka ce ɗan maraƙi. Tun muna yara ni yake kira bawa, ni ma shi nake kira bawa, har yau ba a raba gardamar ba. Duk Laraba yakan biyo ta Ƙaura neman dusa da harawa, ya ci abincin matata, ya kushe shi, ya ƙara. Ranar da ya fara ganin kifayen ya daɗe yana zagaya akwatin.

"Bawa, wata nawa suna hannunka?"

"Huɗu."

"Kuma haka sunka zo?"

"Haka."

Ya girgiza kai. "Wanga zalunci ne. Ka tara bayin Allah kana ba su kwaɗon zogale awa zawarawa. Ba ni su wata shida ka gani, in ba su kai damtsena ba ka canza min suna."

Ana cikin haka wata shuɗiyar mace ta daina ci. Maƙoshinta ya kumbura, ta koma bayan dutse ta lafe. Na ɗauka ciwo ne, na yi ta kai da kawowa. Kusan sati uku tana haka. Wata safiya ina share shago sai na ga ta buɗe baki, wasu ƙananan abubuwa sun fito suna yawo, da na matso kusa ta sake zuƙe su. Ashe ƙwai ta riƙe a baki har suka ƙyanƙyashe, ita kuwa tana azumi. Na ƙwala wa matata kira. Ita da ta ce agola, ita ce ta ɗauko tsohon bahonta ta ce a raba su da manya kada a cinye su. Ashirin da uku muka ƙirga.

Wata biyu bayan haka aka yi sa'a, ko rashin sa'a, taubashina ya haɗu da kawuna a shagon. Kawu yayan mahaifiyata ne, Bafulatani, shanunsa da tumakinsa suna wajen Zurmi. Ba ya cin kifi, ko ƙarninsa ba ya so, amma ya tsuguna gaban bahon nan yana kallon ƙananan kamar ya ga maruƙa. Taubashina ya fara waƙarsa ta kullum, wai ci shi ne girma, duk dabbar da ka gani ƙarama mai ita ne marowaci.

Kawu bai ɗago ba ya ce, "Ɗauki ɗan tunkiyar gida ka ba shi dusa har shi fashe. Zai zama balami?"

"Kawu, ɗauki balami ka hana mai dusa. Kare za ka gani da ƙaho."

"Shi dai balami ne."

"Wa ka sayen shi?"

Suka yi ta yi har shayi ya huce. A ƙarshe taubashina ya ce a ba shi goma daga cikin ƙananan, ni in riƙe saura, kowa ya ciyar yadda ya ga dama. Alhamis ta farko bayan Babbar Salla a haɗu a Shinkafi, Kawu ya yi alƙalanci. Wanda aka kayar zai tsuguna a gaban jama'a ya gai da ɗan'uwansa, ya kira shi ubangida. Ya ce Laraba mai zuwa zai zo da jarka.

Abin da na yi a tsakanin Larabar nan biyu, ba wanda ya sa ni. Na sauka gulbi wurin masunta da hantsi, na tarar da wani yana zazzage homa, ragarsa ta kamun kifi, ƙananan karfasa suna ta tsalle a yashi. Na ɗauki ɗaya na duba. Toka-toka ce, da baƙaƙen zane a tsaye a jikinta, kamar an yi kwafin nawa shuɗayen kafin launinsu ya nuna. Daga baya na ji cewa dangi ne ma na nesa, ita ma a baki take renon 'ya'yanta. Na zaɓi biyu daidai girman nawa na zuba a leda. Masuncin ya tambaye ni me zan yi da abin da ko kyanwa ta raina, na ce magani zan haɗa.

Matata tana kallo na ware takwas nawa na haɗa da baƙin nan biyu.

"Malam, mene ne wannan?"

"Goma ne. Ƙirga ki gani."

"Na iya ƙirga. Na kuma iya gane abin da nake soyawa."

Na bayyana mata dabarar. Karfasa za ta yi girma, shi zai yi ta cika baki, ranar alƙalanci in tona a gaban mutane. Ta ce ita dai ba ruwanta, amma in zan gina ramin mugunta in gina shi gajere. Na yi dariya. Laraba ta zo, taubashina ya ƙirga goma a jarkarsa, ya ɗaure a bayan babur tsakanin buhunan dusa, ya ce in fara koyon tsuguno.

A wani kwarami na siminti da yake shayar da raguna ya zuba su, a gindin dogon yaro. Abincinsu kuwa, abin da raguna suka ci su ma shi ne, har da ƙari: ƙuli-ƙuli, dusar gero, gara, ranar kasuwa har da guntun hanta. Lokacin wayar hannu ba ta zo mana ba, direbobin Shinkafi su ne wayarmu. Sai in ga mota ta tsaya a ƙofar shago, direba ya leƙo da kai.

"Injiniya, an ce a gaya wa bawa sun kai yatsa biyu a faɗi."

Bayan sati uku wani ya tsaya. "An ce uku."

Ni kuwa in shiga ciki in yi dariya har hawaye. Labari ya bazu. Aka ce mutanen Katuru da na Galadi in sun ci kasuwar Alhamis sai sun biya gidansa kallon kifin Turawa da aka turke. Aka ce har ya fara ba da fatawa, wai kifi da rago duk ciki ɗaya ne. Wani ya tambaye shi me ya sa nasa ba su da launi irin na Ƙaura, ya ce ƙiba ce ta shanye shi, ai ko atamfa in ka ja ta da yawa zanenta yakan kwanta.

A wata na uku na kasa haƙuri, na hau mota na je in gani da idona. Ruwan kwaramin ya yi kore shar, maiƙo yana yawo a sama. Ya sa ƙwarya ya kamo mini jarumansa biyu, sun yi ɓul-ɓul, suna sheƙi. Na tambaye shi sauran takwas ɗin.

"Shida sun tahi. Ragwaye ne, ba su iya cin arziki."

Ya lalubo biyun da suka rage. Cikinsu ya kumbura kamar an hura, idanu sun firfito, suna iyo a karkace, wani farin zare yana bin su a baya. Waɗannan a gabana uwarsu ta yi azumin sati uku a kansu. Ni na ƙirga su da hannuna na zuba a jarka, kuma na san abin da za a ba su, mai otal ya gargaɗe ni a kansa da bakinsa. Duk lissafina yana kan karfasa biyu, ban taɓa tsayawa na yi tunanin takwas ɗin ba.

Na buɗe baki zan faɗa masa gaskiya. Sai ya dafa kafaɗata a gaban maƙwabtansa ya ce, "Kada ka damu, bawa. In ka tsuguna ba zan bari ka daɗe ba, na san gwiwarka ta zogale ce."

Na haɗiye maganata. Na ce tunda biyun nan ragwaye ne ya ba ni su in koma da su. Ya ce in ɗauka, sadaka. Na kawo su gida na sa a ruwa mai tsabta, na hana su ci kwana huɗu, sannan na fara ba su ɗan dafaffen alayyafo. Ɗaya ya mutu a kwana na biyu. Ɗayan ya tashi, amma har ya tsufa bai kai 'yan'uwansa ba.

Ana saura wata guda Salla aka yi haihuwa a gidan Kawu, na tafi Zurmi suna, na kwana biyu. Na bar wa matata abincin kifi a ƙulle-ƙulle, kowace rana da nata. Na manta cewa Laraba tana cikin kwanakin. Da na dawo na tarar da ita a zaure, zane ya jiƙe, bokitai a jere, ruwan akwatin ya yi fari-fari.

Ta ce taubashina ya zo, ta kawo masa abinci ta koma ciki. Da ta fito ɗaukar kwano ya riga ya tafi, ruwan kifi kuwa ya zama kunu. Ya bar saƙo wurin tela maƙwabcinmu, wai ya ga marayu ya tausaya, ya zuba musu ƙuli-ƙuli da dusa tafi biyu, kada in gode masa, zumunci ne. Tun jiya take tace ruwan da rariya tana canzawa, ita kaɗai, daga rijiya zuwa zaure.

Na fara faɗa, ina cewa wane irin mahaukaci ne zai yi wannan. Ta bar ni na gama.

"Ba mahaukaci ba ne, Malam. Wata shida yana ganin abincinsa yana aiki. Wa ya nuna masa haka?"

Yawancin kifayen sun tsira saboda wahalar da ta sha. Amma namijin nan ruwan ɗorawa, da yake shi ne mai ƙarfi, shi ya kori kowa ya ci kaso mafi yawa. Cikinsa ya kumbura, ya bar dutsensa ya koma kusurwa. A kwana na uku na tsamo gawarsa. Na haƙa rami a gindin zogalen da ke bayan gida na rufe shi, ina duba ko tela yana kallona. Liman da ya biyo da La'asar ya ƙirga ya ga babu ɗaya, ya dube ni, na ce ƙoshi ne ya kashe shi. Ya ce to, wannan kuma bai san hukuncinsa ba.

Ranar alƙalanci Kawu ya sauka Ƙaura da sassafe, muka hau motar Shinkafi tare. Na riƙe kwalba a cinya da shuɗi ɗaya a ciki, mafi kyau a cikin 'ya'yan, tsawon yatsana, launinsa kamar an rina shi jiya. Muka tarar taubashina ya shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, ya sha babbar riga, ya tara mutane sun fi talatin, har da mai shayi. Aka kawo farin baho. Ya naɗe hannun riga ya kamo nasa biyu ya saka. Kowanne ya kai tafin hannu har da wuyansa. Na juye nawa a gefensu, ya ruga ya ɓuya a bayan wutsiyar ɗaya. Wurin ya ɗauki shewa. Wani ya ce a ba na Ƙaura sadaka. Wani ya share mini wurin tsuguno da hularsa.

Na shirya jawabina tun a mota, amma na ce bari Kawu ya fara. Ya tsuguna, ya dogara da sandarsa, ya yi ta kallo. Ya sa aka juya bahon ya fuskanci rana. Can ya ce, "Wanga da wanga ba uwa ɗaya ta haife su ba."

Taubashina ya ce, "Kawu, a gabanka anka yi magana. Baho guda."

"Ni ban san kihi ba. Amma na san goshi, na san baki. Dubi leɓen wanga, dubi na wanga. Ƙiba tana ƙara ma dabba nama, ba ta canza mata fuska."

"Abinci na canzawa! Ni da nika turka..."

Sai muka ji murya daga cikin soro. Gwaggo ce, mahaifiyarsa, tana zaune a bayan ƙyaure tun ɗazu tana sauraro.

"Ku bar wahal da bawan Allah da azahar ta gabato. Karfasa ce."

Wani tsoho daga baya ya matso ya leƙa, ya ce wallahi tun zuwansa na farko yake ganin kamar ya san fuskar nan, kunya ce ta hana shi magana. Wani ya ce shi ma. Nan take kowa ya zama masunci.

Taubashina ya juya wajen soro. "Inna, tun yaushe kinka sani?"

"Tun suna yatsa biyu. Shekara nawa ina soya ta?"

"Kuma kinka yi shiru?"

"Tun da ka samu kihin nan ka bar cika min kunne da zancen raguna. Mi zai sa in yi magana?"

Ya cire hula ya dubi cikinta, ya mayar. Ya dubi bahon. Sannan a hankali ya juyo ya dube ni. Ni kuwa na riga na matsa bayan Kawu. Jawabin da na shirya ya gudu, abin da ya fito daga bakina shi ne, "Goma ka ce. Ba ka ce wane iri ba."

Ya yo kaina da babbar riga, na zagaya dogon yaro, ya biyo ni, raguna suka tsinke da kuka, mutane suna riƙe ciki. Mu biyu, magidanta masu 'ya'ya, muka zagaya kwaramin nan sau uku kafin numfashi ya ƙare mana. Ya zauna a bakin simintin yana haki, sai dariya ta ƙwace masa, ya yi ta yi har yana dukan cinya.

Da ya lafa ya ce, "To ko banza na yi maka alheri. Ƙuli-ƙulin da na zuba ma naka, ba su ji daɗi ba?"

Na ce masa babban namijin ya mutu, kwana uku bayan zuwansa. Na ce shida nasa ma ba ragwantaka ce ta kashe su ba, cikinsu ba na maiƙo ba ne, an gaya mini tun ranar farko, kuma ban gaya masa ba. Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Mutumin da ke kwana a garke in ragonsa ya yi tari, bai ji daɗin wannan ba ko kaɗan.

Ya ce, "Mai dutsen nan?"

Na ce shi.

"Da ka hwaɗa min, bawa."

"Da na faɗa."

Kawu ya miƙe ya kaɗe rigarsa. Mutane suka ce alƙali ya yanke. Ya ce shi a garkensa bai taɓa ganin abinci ya mai da tunkiyar gida balami ba, bai kuma taɓa ganin balami ya cika ba tare da an san abin da cikinsa yake so ba. Ya nuna taubashina da sanda ya ce wannan ya ciyar bai san abin da yake ciyarwa ba. Ya nuna ni ya ce wannan ya sani ya yi shiru, nasa ya fi muni. Don haka ba ubangida a cikinmu, duk bayi ne, mu tsuguna mu gai da tsohuwar da ta fi mu hankali.

Haka muka tsuguna a ƙofar soro, kafaɗa da kafaɗa, a gaban mutanen Shinkafi ranar kasuwa, muka ce, "Ranki shi daɗe." Gwaggo ta bar mu a ƙasa har ta gama ɗaura ɗankwali, sannan ta ce mu tashi, a miƙo mata kifin ta sa a mai tunda an gama shari'a.

Taubashina ya yi tsalle ya rungume bahon. Ya ce ko karfasa ce, tasa ce, shi ya raine ta, ba mai soya masa ita. Da aka zo mayar da su kwarami sai aka ga ƙananan abubuwa suna yawo a gefen siminti, ashe mace da namiji na zaɓo ban sani ba. Kafin shekara ta zagayo ya gina kwarami na biyu, babba, ya koyi canza ruwa, ya rage maiƙo. Gwaggo ta sami abin soyawa har ta gaji. Har yanzu in an tambaye shi yadda ya fara kiwon kifi, cewa yake wani bawansa ne ya kawo masa iri daga Ƙaura.

A motar komawa, da muka wuce rabin hanya, Kawu ya juyo wajena. Ya ce matarsa ta ji labarin kifi masu launi, tana so ta gani, ko zan ba shi biyu. Na ce ba injin iska a ruga. Ya ce kwana uku kawai, zai dawo da su da kansa, kuma ba zai ba su komai ba sai abin da na ƙulla masa.

Da muka isa shago na kamo biyu na zuba a kwalba na miƙa masa. Bai karɓa ba. Ya leƙa cikin gida ya yi sallama, ya ce wa matata ta ara masa farin kwano, ta kuma fito ta tsaya kusa. Ya sa na juye su a ciki, ya fita da kwanon bakin ƙofa inda haske yake, ya duba goshi, ya duba baki. Sannan ya dubi matata.

Ta leƙa ta ce, "Su ne, Kawu."

Sai ya ce in mayar a kwalba.